Ranar da Na Kai Ƙarar Gari Guda

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai ƙarar gari guda gaban uban ƙasa ba, wai don sun ƙi cin shinkafata. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Lokacin ana tsakiyar aikin dam ɗin Bakolori, ni kuma na fito daga kwalejin horon malamai da ɗanyen kai. Aka tura ni koyarwa wani ƙauye a ƙasar Bakura. A kwaleji mun haddace sabon tsarin mulki tsaf: gwamna a Sakkwato, shugaban ƙaramar hukuma a Talata Mafara, sai kansiloli. En'e, wato hukumar sarakuna ta da, ta mutu, in ji malaminmu. Saboda haka da na sa hannu a sakatariya a Mafara, sai na ɗauka na gama gaisuwa. Na ɗaure akwatina a keke, na wuce ƙofar mai unguwa, na wuce ƙofar hakimi (a can hakimi shi ne mai ƙauye, uban ƙasa ke samansa), na zarce ɗakin malamai da ke bayan makaranta, can ƙarshen gari. Hedimasta a Bakura yake kwana, kuma ya ɗauka duk ɗan mutane ya san abin da ya kamata.

Ba wanda ya zage ni. Gaisuwa kuwa har da ta gajiya da ta iyalin da ban da su. Amma ba wanda ya taɓa zama a tabarmata. In an tashi makaranta sai in zauna ina kallon manyan motocin kamfani suna wucewa Maradun, in kunna rediyo, in kashe. Akwai wani ƙadangare da ke zuwa bakin ƙofata, na sa masa suna Kansila, don shi ma gyaɗa kai kawai ya iya. Da azumi ya zo abin ya fi ciwo. Ina ganin ƙwarya na fita daga wannan gida tana shiga wancan, ni kuwa in sha ruwa ni kaɗai. Kaɗaici ya ci ni ƙwarai, ba na ɓoyewa.

Ranar Sallah na ce bari in nuna musu ni ma ɗan gidan girma ne. Na yanka zakara biyu, na dafa shinkafa da hannuna, na shimfiɗa tabarmin makaranta. A filin idi na gayyaci kowa, kowa ya ce, "Allah shi kai mu." Na zauna har la'asar. Ƙudaje ne suka amsa gayyata, sai Kansila.

Raina ya ɓaci, gari na wayewa na hau keke sai Mafara. Kansilan ilimi, na gaskiyar, ya saurare ni ya ce, "Malam, mu muna iya tura ka, muna iya ɗauke ka. Amma ba mu da dokar da za ta sa mutum ya ci abinci da kai. Wannan sha'anin sarakai ne." Mai hankali da ya koma ya nemi mai unguwa. Ni kuwa (masanin tsarin mulki) na ce ai gara a fara daga sama.

Na iske zauren uban ƙasa a Bakura cike, hakimai sun zo gaisuwar Sallah da mutanensu. Na tuɓe takalmi, wannan kam na sani, na durƙusa na zazzage ƙorafi: gari ya ƙaurace wa ma'aikacin gwamnati, an wulaƙanta ilimi, har zakarun sai da na ambata.

Uban ƙasa bai ko dube ni ba. Ya juya wajen hakiminmu ya ce, "Wanga baƙon wa na?"

Hakimin nan kullum a bayansa nake sallah. Ya ce, "Ranka shi daɗe, ni ba a kawo min baƙo ba." Ya waiwayi mai unguwa.

Tsohon ya ƙare min kallo. "Allah shi ba ka nasara, ina dai ganin wani mai wando bayan makaranta. Ce nike kayan gwamnati na, irin turakun ga da 'yan dam ka kahewa cikin gonaki. Su ko ba a taɓa su."

Da an yi dariya da na ji sauƙi. Ba wanda ya yi. Uban ƙasa ya ce a hankali, "To wanda bai iso ba, ƙaƙa za a ce an ƙi shi? Malam, in ka iso a gaya muna." Wallahi na rasa inda zan sa fuskata. Na fito na yi nisa da keke kafin in lura takalmina na can ƙofar zaure, kuma ban koma ba.

A hanya na fara fahimta. Shekarun nan gonakin mutane na tafiya a hannun masu biro a aljihu. Baƙon da ba wanda ya tsaya masa, wa zai saki jiki ya sa hannu a kwanonsa?

Washegari na sayi goro, na yi sallama a zauren mai unguwa. Ya miƙe da fara'a kamar bai taɓa ganina ba. "Maraba da baƙo. Yaushe gari?"

Na haɗiye watannin nan duka na ce, "Yanzun nan, Baba."

Ya sa ni gaba har wurin hakimi, ya ce ga baƙonsa. Da magariba sai ga akushin tuwon dawa, ga tsohon da kansa riƙe da takalmina. Ya zauna a tabarmar nan, ya wanke hannu, ya ce in matso. Ban taɓa jin daɗin motsin bakin wani kusa da ni ba kamar ranar.

Tun daga lokacin, ko asibiti aka kwantar da ni, kafin in nemi likita sai na tambayi wane ne mai unguwar ɗakin.