Taraktar Tauno Bugu-Ɗaya

Duk faɗin Routaniva babu namiji irin Tauno Pelkonen. In kana shakka, ka tambaye shi. Shi ne shugaban ƙungiyar hanyarmu, shi ke ture mana dusar ƙanƙara da tarakta, kuma duk arewacin Finland shi kaɗai ne sanyi ke jin nauyinsa. Bugu-Ɗaya muke ce masa. Shi ya raɗa wa kansa, mu amsawa kawai muka yi. Mutum ne mai tsari, komai nasa sai ya rubuta masa "Shugaba T. Pelkonen" da farin fenti, tun daga shebur har kwanon karensa.

Mu talakawan Allah, idan sanyi ya kai inda gashin hanci ke daskarewa, sai mun jona wa tarakta hitar lantarki ta kwana da ɗumi. In ba haka ba, da safe mai ya yi kauri kamar kunu, inji ya yi tari ya mutu. Amma Tauno? Haba!

"Hita?" in ji shi a shagon ƙauye, yana gyara hular gashinsa. "Wannan ai aikin ragwaye ne. Ni taraktata Gimbiya ta san hannuna. In shafa mata goshi, in murɗa makulli, bugu ɗaya! Dizal girmamawa yake so, jama'a, ba waya ba."

Ba wanda ya taɓa ganin wannan abin al'ajabi da idonsa. Rumfar Gimbiya kullum a kulle take, ko matarsa Sirkka ba ta leƙawa. Sirrin sana'a ne, in ji shi. Mu dai muna jin rurin inji da safe, muna sake zaɓensa duk shekara, don wa zai tsige mutumin da ƙarfe ke yi wa biyayya?

Bana sai Helvi, mai shanun bakin tafki, ta ce tana son kujerar. Motar ɗaukar madara ta maƙale cikin ƙanƙara a hanyar gidanta ranar da Shugaba ya tsaya yi wa mai kawo wasiƙa lacca. Ran Tauno ya ɓaci sosai, kujerar nan ita ce numfashinsa.

"Ke 'yar nan," ya ce mata, alhali jikokinta sun fi nasa yawa, "ranar taro zan zo a kan Gimbiya, ba hita ba waya. In ta ƙi tashi, kujera taki ce. In ta tashi, ki koma wajen shanunki."

Ranar taro sanyi ya sauko da duk danginsa. Motar fasto ta ƙi tashi. Mu da ƙafa muka zo zauren ƙauye, muka zauna muna kurɓar kofi muna leƙen taga. Shugaba ya makara, don ya tsaya gaban madubi yana bitar jawabin nasara. Can sai muka ji ruri. Ga Gimbiya nan tana tafe, ƙanƙara na tsagewa a gabanta, Tauno a sama yana ɗaga mana hannu kamar mai dawowa daga yaƙi. Gaskiya na tausaya wa Helvi.

Muka fito waje. Ya sauko a hankali, ya bar injin yana kuka don kowa ya ji.

"'Yan'uwa, kun gani da idonku. Bugu ɗaya!"

Ba wanda ya tafa. Kowa bayan taraktar yake kallo. Gimbiya ta yi wutsiya. Wata doguwar jar waya ce ta fito daga ƙarƙashin inji, ta bi tsakanin tayoyi, tana ja a ƙasa. A can ƙarshenta ga soket, ga guntun katakon bangon rumfa da ta fizgo. Garin sauri Shugaba ya manta bai cire ba.

"Makirci ne!" ya daka tsawa. "Maƙiya ne suka ɗaura mata! Ni ban taɓa ganin wayar nan ba!"

Sirkka ta sunkuya ta ɗaga wayar, ta share ƙanƙarar da safar hannunta. Ga farin fenti nan raɗau, ta karanta da ƙarfi kamar a coci: "Shugaba T. Pelkonen."

"Ashe, maigida," ta ce, "shi ya sa duk safiya in na kunna tukunyar kofi wuta ke ɗaukewa, kana cewa laifin tukunyata ne."

Fasto ya koma ciki da gudu, wai tari ya sarƙe shi.

Helvi ta hau kujera. Amma mu ba butulai ba ne, ba mu bar gwaninmu hannu sake ba. Baki ɗaya muka naɗa shi mai kula da soket-soket ɗin hita na gaban zaure. Har yau shi ke riƙe da muƙamin, kuma sai ka rantse tun kafin naɗin ya daɗe yana aikin.