Sabon Madigadi

Ranar Litinin ce, cikin watan Agusta. An kwana ana ruwa, da safe kuma aka bi da yayyafi.

Wani ne, masinja a wani ofis a nan Azare. Gidansa yana wani ƙauye ta hanyar Katagum. Da ya gaji da jiran mota, sai ya sayi keke wurin wani ɗan bautar ƙasa da ya gama hidima zai koma garinsu. Ba irin baƙin kekenmu ba ne. Na hawan duwatsu ne, mai ƙatuwar taya kamar ta tarakta, da giya ashirin da ɗaya, da sifirin mai lotsawa a ƙafafun gaba. Azare kuwa ko tudun kirki babu. Giya ɗaya ya sani, ita yake takawa. Keken ba shi da madigadi, ƙarfen nan da ke rufe taya ya tare taɓo. Da rani bai lura ba.

Ranar ya lura. Tayar gaba ta yi ta ɗebo taɓo tana watsa masa. Ya isa ofis da jan layi tun daga cibiya har hula. Gemun kamar an yi masa yaɓe.

Babban akawu, Malam Cornelius, yana tsaye a baranda. Ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai kuma daga wane gini?"

"Daga gida, Yallaɓai."

"Gidan ne ya faɗo maka?"

"Keke ne, Yallaɓai. Tofi yake yi."

Malam Cornelius bai yi dariya ba. Ya ce, "Ran Alhamis manya za su zo daga Bauchi. Kai za ka kai musu fayil da ruwan sha. In ka shigo mini haka, ka ajiye jakar masinja ka ɗauki lauje. Ciyawar bayan ofis tana jiran mai ita."

Shekara goma sha tara mutumin yana rataye da jakar nan. Ya ce, "In sha Allahu zan sa madigadi."

Da aka tashi ya nufi bakin kasuwa, wurin Bappayo mai gyaran keke. Bappayo ya zagaya keken sau biyu, ya danna kan keken, ya ga yana lotsawa yana tasowa.

"Masinja, wannan ba ya ɗaukar na ƙarfe. Nasa ɗan guntu ne na roba. Sai an aika Kano."

"Roba? Ni da girmana in hau roba kamar mai tallan bokiti? Wancan nake so."

Ya nuna wani da ke rataye, dogo, fari fat, yana ɗaukar ido.

"Wancan na baƙin keke ne. Ya yi wa tayarka kaɗan. Kuma dubi, babu ramin noti ko ɗaya a nan."

"To wayar ɗauri ta ƙare a Azare?"

Bappayo ya ce ba ta ƙare ba. Ya ɗauko waya da filaya ya ɗaure madigadin can sama. Ya ɗaga gaban keken ya juya taya. Ta juya sumul, ko ƙis babu. Mutumin ya ce, "Ka gani? Da ka ce sai Kano."

Ya hau. Yana zama sifirin ya lotsa, madigadi ya sauko ya kama taya. Ya taka feda, ƙara ta tashi kamar injin niƙa. Awaki suka watse. Wata mata ta leƙo daga zaure da kwaryar gero a ka, tana tambaya ko an gyara inji ne. Wani ɗan acaɓa ya kauce ya ba shi hanya.

Shi kuwa daɗi ya kama shi. Ya ce a ransa yanzu keke ya yi murya.

Ramin farko da ya faɗa, taya ta tsaya cak. Keken ya tsaya, shi bai tsaya ba. Ya bi ta saman kan keke ya sauka cikin kwata, hula ta yi gaba.

Ya jawo keken ya komo.

"Bappayo, ka cuce ni."

"Ni? Ba a gabanka na juya taya ba?"

"A gabana."

"Ta taɓa?"

"Ba ta taɓa ba."

"To da na ɗaura babu kowa a kai. Kai ka hau ka ɓata aiki."

Mutumin ya auna zancen. Ya ga maganar tana da kai. Ya ce, "To yanzu yaya? In riƙa tura shi?"

"Wannan ma hanya ce. Amma kawo."

Talata duka a kansa ta ƙare. Bappayo ya buɗa madigadin da guduma har ya yi faɗin tayar. Ya kai wurin mai walda aka yi masa 'yan ƙarafa biyu, aka kama shi a ƙasan sifirin, yadda in taya ta yi sama shi ma zai bi ta. Noti huɗu. Mutumin ya hau ya sauka, ya hau ya sauka, ya yi tsalle a kan sirdi. Shiru. Aiki ya yi.

Da nan ya tsaya, da ba ku ji labarinsa ba.

Laraba ya kai wa mai fenti. Aka ja masa kore da ja a gefe, aka zana fure a hanci, aka rubuta Allah Ya Kiyaye. Ya sa aka manna 'yan madubai guda shida. A ofis ya jingina keken daidai tagar Malam Cornelius, kowa ya wuce sai ya tsayar da shi.

"Duba fuskarka a nan. Ka ga haƙoranka?"

Mai gadi ya kai hannu zai shafa, mutumin ya buge hannun.

Da la'asar ya isa gida tsaf, ko ɗigo babu a rigarsa. Matarsa Dijatu ta fito ta riƙe baki.

"Malam, yau kai ne? Na har jiƙa sabulu."

Ya jingina keken. Ya durƙusa yana leƙen ƙarƙashin madigadin. Ya sa yatsa ya lakato taɓo. Ya sake sawa ya lakato wani. Fuskarsa ta canza.

"Dijatu, zo ki ga abin da aka yi mini."

"Me aka yi?"

"Taɓo. Cike. Har ya taɓa furen."

"To ai aikinsa ke nan, Malam. Shi ya sha, kai ka huta."

"Aikinsa? Kin san wahalar da na sha a kansa? Kin san a kwatar da na kwanta?"

"Na sani, ni na wanke rigar."

"To kawo sabulun nan."

Ya wanke shi ciki da waje. Ya goge da tsumma, ya sake gogewa da hularsa. Ya shafa man gyaɗa don tsatsa. Da magariba hadari ya haɗo daga gabas. Ya dubi sama, ya dubi madigadi, ya ce a miƙo masa sifana ya kwance noti.

Alhamis da asuba aka tsuge da ruwa. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Ya naɗe madigadin cikin zanen Dijatu, ya sa a leda, ya goya a baya. Ya hau keke.

Ya tarar baƙin Bauchi sun riga shi, su uku a baranda, Malam Cornelius yana yi musu bayani. Mutumin ya sauka ya yi sallama. Ido biyu kawai ake gani a fuskarsa. Babban cikin baƙin ya ja da baya, ya tambaya ko mai yasar rijiya aka kira.

Malam Cornelius ya sauko daga baranda, muryarsa ƙasa ƙasa.

"Ina madigadin?"

"Yana nan lafiya, Yallaɓai."

Ya kwance goyo, ya zare leda, ya warware zane. Ya ɗaga shi sama yana ƙyalli, don baƙi ma su gani.

"To me ya hana ka ɗaura shi a keken?"

"Haba Yallaɓai! A wannan caɓin? Sabo ne fa."