Madugun Gamu

Tun Nasara ba su shigo ƙasar nan ba, na yanke cewa jan ayari ba wani aiki ba ne. Na shiga kasuwar Gure ina shela: mai son zuwa Damagaram ya kawo kansa kawai, raƙumi, guzuri, ruwa da masauki duk suna wuyana. Mutum shida suka biya, har da Inna Falmata, ƙanwar uwata, wadda ko jaki ba ta taɓa hawa ba.

Na samo hayar taguwa shida, wato raƙuma mata, a garin Gamu da araha. Mai su ya ce, "Masu shayarwa ne fa, ka tafi da 'ya'yansu."

Na ce, "Baba, 'ya'yan sun biya kuɗin tafiya ne?"

Yinin farko ina gaba bisa jakina da sabon rawani, ina nuna wa matafiya tuddan rairayi kamar ni na tara su. Kashegari nono ya cika hantsa. Babbar taguwar ta yi wani kuka, ta juya, sauran suka bi ta a guje. Na bi su ina ba da umarni. Inna ta rungume tozo tana ihu, "Ɗan nan, wannan gudun ma yana cikin abin da muka biya?"

Da na isa Gamu, 'ya'yan na tsotso, matafiyana na zube a gindin aduwa, ba mai kallona.

Har yau in na shiga kasuwa sai wani ya tare ni: "Madugu, Gamu zan je. Kuɗin Damagaram zan biya, ko?"