Ɗakina na Farin Rairayi

Tun Nasara bai iso Tasawa ba, na ga farin rairayin Gulbin Kaba yana ƙyalli da hantsi, na rantse cewa da shi zan gina ɗaki. Wani tsohon magini ya murza shi ya ce, "Ɗana, wannan ba ya riƙo. Sa jar ƙasa, ka shafe da makuba." Na ce tsufa ya rage masa gani, na kwaɓa abina da 'yar laka.

Wata biyu ina kallon ɗakin, fari fat, kamar gajimare ya sauko. Da ruwan farko ya zuba, ɗakin ya narke a hankali, ya bar matata riƙe da ƙyaure.

Har yau in hadari ya haɗo, taubashina kan leƙo ya ce, "Sarkin Magina, in kawo ƙwarya mu tari gidan in ya narke?"