Minti Talatin da Biyu na Ɗan Sama Jannati

Duk ma'aikatar nan babu wanda ya kai Mataimakin Darakta sanin sararin samaniya. Sau huɗu ya taɓa shiga jirgi, kuma tikitocin na nan cikin gilashi a bangon ofishinsa, gefen takardar digiri. Shi ya sa ma'aikata ke kiransa Ɗan Sama Jannati, a bayan ido dai.

Da labari ya zo cewa Babban Darakta zai sauka a garin da ke can ƙurewar arewa don zaɓen shugaban sabon reshe, sai aka shirya wa masu neman kujerar motar ofis, cikinsu har da Ɗan Sama Jannati da mai kula da sito. Ƙarfe shida za a tashi, a isa kafin taron ƙarfe goma. Ɗan Sama Jannati ya yi murmushin tausayi.

"Kilomita ɗari da tamanin ne tsakanin filin jirginmu da nasu," in ji shi, yana nuna taswira da biro. "Minti talatin da biyu. Ku je ku sha girgiza awa uku da rabi. Ni lokacina yana da tsada."

Filin jirgin namu ɗaki ɗaya ne, da kujerun roba shida da fanka mai ƙara. Mace ɗaya ce ke sayar da tikiti, ita ke awon kaya, ita ke sanarwa ba tare da lasifika ba. Ƙarfe takwas ya shigo da kwat da gilashin rana, ya tambayi ɗakin manyan baƙi. Ta nuna masa kujerar da ba ta karye ba.

Tara ta yi, babu jirgi. Iska ta hana shi tasowa daga inda ya kwana. Ɗan Sama Jannati bai karaya ba, ya juya kan wata tsohuwa da ke jiran tafiya ganin jikokinta.

"Iya, ko goma saura kwata muka tashi, ba mu makara sosai ba. Lissafi ne, ba kowa ke gane shi ba."

"Allah ya sa, ɗan nan," ta ce, ta ci gaba da gyangyaɗi.

Sai ƙarfe biyu jirgin ya sauka, ɗan ƙarami mai kujera goma sha biyu. Mai tikiti ta ce kowa ya hau sikeli. Ya ce shi ba buhu ba ne. Ta ce to ya jira na ranar Alhamis. Ya hau. Ta faɗi nauyinsa da ƙarfi, matuƙi ya yi tsaki, aka kai shi can baya kusa da buhunan wasiƙu don kada jirgi ya karkace.

A yi masa adalci: minti talatin da biyu cif suka yi, idonsa na kan agogo.

Yana sauka ya hango jama'a a bakin ƙofa, ya gyara kwat, a zatonsa tarbarsa aka zo yi. Ashe Babban Darakta ake rakowa, jirgin nan yake jira. A damansa ga mai kula da sito, ana ta yi masa murnar samun reshe.

Ya ruga ya rusuna. "Ranka ya daɗe, minti talatin da biyu kacal muka yi!"

Babban Darakta ya dube shi sama da ƙasa.

"Madalla. Ku ma'aikatan jirgin nan kuna ƙoƙari. Ungo jakar nan, a hankali, akwai gilashi."

Har bakin matakala ya kai ta.