Sulen Baban Injiniya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da tsaftata ta kusa mayar da ni gida ba. Lokacin ina aikin shayi da shara a ofishin wani kamfanin gini a Riyad, saura wata guda igamata, wato takardar izinin zamana a Saudiyya, ta ƙare, sabunta ta kuma tana hannun kamfanin. Kun san halin mutum a irin wannan lokaci: teburin da ba ƙura ma sai na goge shi sau uku, muddin mudiri, wato maigidan ofis, na kallo.

Akwai wani injiniya ɗan Sin a ofishin, Mista Lin, dattijo marar hayaniya. A kan teburinsa akwai akwatin katako mai murfin gilashi, da sulallan azurfa goma sha biyu a jere. Ya taɓa yi mini bayani da guntun Larabcinsa cewa a wurinsu kowace shekara da dabbarta, ɓera, sa, damisa, zomo, har su cika sha biyu a sake zagayowa, kuma ana buga sule na musamman don tunawa da kowace. Sha ɗaya suna cikin 'yan robobinsu suna ƙyalli. Ɗaya kuwa, mai hoton sa, ba shi da roba, ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

Sulen nan ya tsaya mini a rai. (Ni fa ɗan Hajiya ne, matar da ke sa mu dirje tasoshin jerenta da toka da lemun tsami har sai mun ga haƙoranmu a ciki.) Na gaya wa Malam Idi, ɗan Maraɗin da muke ɗaki ɗaya a Manfuha, abin da nake shirin yi. Ya ce, "Ɗan'uwa, an sa ka ne?" Na ce ai aikin kirki ba sai an sa mutum ba. Ya dube ni, ya ci gaba da cin shinkafarsa.

Ranar Lahadi na yi sammako da lemun tsamina na kasuwar Aziziya da toka ƙulle a leda. Na dirje sulen nan, na ɗauraye, na sake bi da tsohon buroshin haƙori. Wallahi ya fito fes, har ya fi 'yan'uwansa haske. Na mayar da shi, na ɗauko tiren shayi na tsaya ina washe baki.

Mista Lin ya shigo, ya kalli akwatin, ya ɗauki sulen ya juya shi, sannan ya zauna a hankali.

"Sadik, kai ne?"

"Ni ne, mudir," na ce, har da ɗan dukan ƙirji.

Bai yi faɗa ba, kuma da ma faɗan ya yi. Ya ce babansa a shekarar sa aka haife shi, sulen nan kullum yana aljihunsa yana murza shi, har a gadon asibiti. "Baba mafi," ya ce, wato ya rasu. "Baƙin nan, hannunsa ne."

Na hango filin jirgi, na hango kaina da jakata. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne carbin da ke aljihuna, na mahaifina marigayi, carbin da 'ya'yansa suka yi baƙi don yawan ja, ni kuma ban taɓa bari ko ɗigon ruwa ya taɓa shi ba. Kunya ta rufe ni. Na ciro shi na ajiye a gabansa.

"Na babana ne, shi ma mafi. Ka wanke shi, mu yi kunnen doki." (A zuci kuwa ina roƙon Allah kada ya yarda.)

Ya daɗe yana kallon carbin. Sai ya yi 'yar dariya, idonsa cike da ƙwalla, ya miƙo mini shi da hannu biyu. Bai gaya wa kowa ba, aka sabunta mini igama.

Ranar da zai koma ƙasarsu ya tambayi shekarar haihuwata, ya lissafa da yatsu, ya ciro sule ɗaya daga robarsa ya ba ni. Biri ne a jiki. Malam Idi ya ce lallai mutanen nan sun san aikinsu.

Tun daga ranar, duk abin da na ga ya yi baƙi a wurin mutum, sai na tambayi hannun wa ya taɓa shi kafin in nemo lemun tsami. Birin nan yana aljihuna tare da carbin. Ya fara baƙi ta gefe, kuma haka 'yata za ta same shi.