Taswirata da Kada Mai Jar Hula

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka zo sa ranar auren autata Hadiza ba, ko da tsufa ya kwashe duk sauran abin da ke kaina. Har yau idan na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, in waiga ko akwai mai kallona.

Ni manomin rani ne a bakin kogin Wudil, tumatir da albasa da tattasai, kuma karatuna na boko bai wuce firamare ba. Da gwiwa ta fara yi mini gardama sai yara suka karɓi gonar, ni kuma na koma zaman zaure ina amsa sallamar masu wucewa. A lokacin ne Malam Bitrus ya kama haya a gidan da ke jikin nawa. Mutumin kudancin Gombe ne, yana aiki a ɗakin karatu na jami'a, ga fara'a ga girmama manya. Wata Asabar da hantsi na leƙa in kai masa albasa, na tarar ya shimfiɗa wani farin kwali a kan tabarma ya duƙufa a kai kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

Na leƙa ta bayan kafaɗarsa, sai na kasa gama sallamar. Ƙasa ce guda a kwance a gabana. Ga teku da 'yan layukan igiyar ruwa, ga duwatsu a jere kowanne da inuwarsa a gefe ɗaya, ga daji, ga garuruwa da ganuwa. Sai na ji kamar an ɗaga ni sama an ce duba ƙasa.

"Malam Bitrus, wace ƙasa ce wannan?"

"Babu ita, Baba," in ji shi yana dariya. "Ni na ƙirƙire ta. Labari nake ba yarana, suka ce sai sun ga inda abin yake faruwa."

Na daɗe a tsaye da albasa a hannu. Ni duk zatona taswira aikin gwamnati ce, sai an hau jirgin sama an leƙo. Ashe mutum ɗaya da fensir zai iya zama a kan tabarma ya ce dutse ya tsaya nan, kogi ya bi ta can, su kuma yi masa biyayya. (Astagfirullah, na san halitta ta Allah ce. Amma a kan kwali dai ai an bar mana.) Ban bar gidan ba sai da ya ba ni kwali da fensir da abin gogewa.

Ya koya mini abubuwa. Ya ce kogi daga tudu yake gangarowa, ƙananan rafuka su taru su zuba a babba. Na ce wannan kam ba sai an faɗa wa mai noman rani ba. Ya ce idan na gama in shafa wa kwalin ruwan shayi ya yi kamar tsohon abu. Sannan ya ce, "Amma kafin komai, Baba, ka ɗebi wake ka watsa a kan kwalin, ka zagaye inda ya zuba da fensir. Siffar ƙasarka ke nan. Ana yin haka ne don kada mutum ya zana abin da ya riga ya sani."

"Wake? Wanda ake ci?"

"Ai za ka kwashe abinka."

Na ce to. Amma da na koma gida na ɗebo waken a tafin hannu sai na kasa. Ni da aka rene ni idan ƙwayar hatsi ta faɗi a tsince ta, in zo da furfurata ina watsa abinci don wasa? Na mayar da shi cikin buhu, na ce ai kaina ya ishe ni.

Abin da ya biyo baya, ban san yadda zan kwatanta shi ba. Ina ɗora fensir sai hannuna ya kama tafiya shi kaɗai. Kogi ya fito yana lanƙwasa, na sa masa suna Kogin Azurfa. Na ɗora masa Gadar Aljanu. Na yi wata babbar kasuwa inda shanu suke yin cinikin kansu da bakinsu. Na yi tsibirin yashi, na yi mashaya, na shuka kuka da tsamiya a inda raina ya so. Gabas na sa a sama, don ban ga dalilin da wani ɓangare zai hau kan alƙibla ba. Na bi komai da tawadar allo da alƙalamin kara. Wani lokaci sai na ji kiran Azahar nake tuna ban karya ba. Na kira ta Ƙasar Bayan Gajimare, ina kallonta ina cewa a raina, wai ni ne na yi wannan?

Malam Bitrus ya yaba ƙwarai, amma ya ce saura dodo, ƙasar labari ba ta daɗi sai da abin tsoro. Sai na zaɓi wata fadama a saman kogi, kusa da wasu giginyu tagwaye, na kwantar da wani ƙaton kada ya gicciye a kan hanyar ruwa. Na rubuta a ƙasansa, Fadamar Mai Tare Ruwa. Da na ga kansa ya yi fili da yawa sai na ɗora masa jar dara, na shafa ta da jan biro. Wallahi ni dai na ga ta yi masa kyau ne.

To, yaron da ke neman Hadiza, Nasiru, ɗan Alhaji Sale ne mutumin Utai. Gonar Alhaji Sale ta rani tana saman tawa. Shekarun baya mun yi rikici mai zafi da shi, wata shekara da ruwa ya yi ƙaranci ya datse hanyar ruwan da ke gangarowa wurina, tumatir ɗina ya bushe a tsaye. Sai da manya suka shiga tsakani, muka yi musabaha, kowa ya ce ya yafe. Duk da haka da maganar yaran ta taso, danginsa suka yi ta cewa a'a, gidan nan akwai tsohuwar ƙullalliya. Hadiza ta daɗe tana jira, ta rame, ta daina yawan magana. Da ƙyar Alhaji ya amince zai zo da kansa a tsayar da rana. Kowa a gidana ya san cewa ƙaramin abu zai iya rushe maganar.

Ni kuma, don neman a yabe ni, na ɗauko taswirata na kafa ta da ƙusa a bangon zaure, daidai inda baƙi za su fuskanta.

Suka iso bayan La'asar, Alhaji Sale da ƙanensa da wasu dattawa. Malam Bitrus ma na gayyace shi a matsayin maƙwabci. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi iyali da gajiya da rani, aka ajiye goro da alewa. Kafin a shiga magana sai idon Alhaji ya sauka a bango.

"Ikon Allah! Malam, wannan fa?"

Na gyara zama. "Ɗan aikin hannuna ne, Alhaji. Wata ƙasa ce da na ƙirƙira. Babu irinta a duniya."

Ya miƙe, ya ciro tabarau, ya matsa kusa. Ya daɗe yana kallo yana cewa masha Allah. Sai na ga ya karkata kai gefe guda, ya ɗora yatsa a kan Gadar Aljanu.

"Nan ai gada ce. Ta nan muka bi ɗazu." Yatsan ya matsa. "Ga kara, inda ake cin kasuwar shanu ran Juma'a. Ga kwanar da ake sauka fadama." Ya juyo. "Malam, wannan ai Wudil ce."

Na buɗe baki in musa, sai na kalli bangon. Jama'a, kamar an yaye mini wani mayafi. Wudil ce. Kowace lanƙwasa ta kogin tamu ce. Na yi makonni ina tsammanin ina yawo a bayan gajimare, ashe ko unguwarmu ban bari ba. Malam Bitrus baƙo ne, bai taɓa taka fadama ba, shi ya sa bai gane ba.

Yatsan Alhaji bai tsaya ba. Ya bi kogi ya haura, ni kuma ina biye da shi da ido ina salati a zuci. Ya wuce gonata. Ya kai kan giginyu tagwaye. Ya tsaya.

Ƙanensa ya taso ya karanta rubutun da ƙarfi, a hankali, kamar mai karanta hukunci: "Fadamar Mai Tare Ruwa." Sannan kowa ya kalli kan kadan, ya kalli kan Alhaji Sale. Jar dara ce a kansa. Tun muna samari ban taɓa ganinsa da wata hula ba.

"Yaya, tashi mu tafi," in ji ƙanen. "Na faɗa maka."

Na ji motsi a bayan ƙofar cikin gida, na san Hadiza da mahaifiyarta suna nan suna ji. Na ce, "Alhaji, na rantse da wanda raina ke hannunsa ban sani ba." Wa zai yarda?

Alhaji bai ɗauke ido daga kwalin ba. Can sai na ga yatsansa ya gangara gefen gonar, ya tsaya a kan wata bishiya.

"Wannan kukar fa?" Muryarsa ta sauya. "Wannan kukar babana ce. Ta faɗi tun kafin a haifi Nasiru. Ga ma reshen da muke ɗaure jaki." Ya matsa kaɗan. "Ga tsohuwar mashaya da yashi ya binne. Ga inda kwalekwale yake tsayawa." Ya kira ƙanensa. "Zo ka gani, kai ba ka ma san ta ba. Duk Wudil ban zaci akwai wanda ya rage yana tuna kukar nan ba sai ni."

Dattawan suka taso suka kewaye bangon. Wannan ya nuna tsamiyar da aka sare, wancan ya nuna hanyar da ruwa ya cinye. Ni kaina ban san na ajiye waɗannan abubuwa a cikina ba.

Daga ƙarshe Alhaji ya cire tabarau ya goge ido da bakin riga, ya koma ya zauna.

"Ruwan dai na tare shi, wannan gaskiya ne," in ji shi. "Amma Malam, ka zalunce ni wuri ɗaya. Ka cika wa kadan nan baki da haƙora, ni kuwa nawa saura na cin tuwo."

Dariya ta ɓarke har da ƙanen nasa. Ni dai kaina na ƙasa, gumi ya jiƙa mini taguwa. Aka yi addu'a, aka tsayar da rana bayan Babbar Sallah, aka raba goro. Da za su tafi Alhaji da kansa ya zare ƙusar ya naɗe kwalin ya saƙale a hammata, ko tambayata bai yi ba.

Tana nan a zaurensa a Utai. Duk baƙon da ya je sai ya nuna masa kukar babansa, sannan ya nuna kadan ya ce, "Wannan kuma ni ne, surukina ya zana ni." A wurin sunan jikanmu ma sai da aka fito da ita, ina zaune ina murmushin dole.

Abin da na koya shi ne, mutum zai iya yafewa da baki, har ya yarda a ransa ya yafe, amma labarin bai kai ga hannunsa ba. Har yanzu ina zane, ban daina ba. Sai dai duk lokacin da zan sauke dodo a wani wuri, nakan ajiye fensir tukuna, in kira mai ɗakina in ce ta duba mini ko gonar wani ce.